Darasin Kimiyyar Gini: Bangon Allon Jifsum da Ginshiƙin Ƙarfe

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan wani irin bango ne da ba a kwaɓa masa ƙasa, ba a jera masa bulo, ba a kuma yi masa ban ruwa. Duk wanda ya shiga sabon banki ko ofis a Abuja, ko Kano, ko Yamai, ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki ya ji cikinsa holoƙo ne, to ya gamu da shi. Siraran ginshiƙai ne na ƙarfe ake tsayarwa, a rufe su gaba da baya da allon jifsum, sannan a shafe mahaɗar allunan har ido ya kasa gane inda wani ya ƙare wani ya fara.

Kaya uku ne ke cikin wannan bango: jifsum, da ƙarfe, da tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen da ita. Kowannensu yana da rauninsa. Jifsum ba ya jure ruwa, ƙarfe ba ya jure wuta da tsatsa, tutiya kuwa ba ta ɗaukar nauyi. An haɗa su ne don wani ya rufe wa wani. Mai aikin da bai san dalilin haɗin ba zai iya lalata shi da hannunsa ba tare da ya sani ba, shi ya sa za mu bi kowanne daga tushe.

Jifsum da ruwan da ke cikinsa

Jifsum dutse ne mai laushi, fari ko ruwan toka, wanda farce ma yana iya kartarsa. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa goma, yana hawa na biyu. Akwai shi a ƙasarmu: ana haƙo shi a Dange da Shuni da Wurno a jihar Sakkwato, da Fika a jihar Yobe, da Nafada a jihar Gombe. Kamfanonin siminti suna zuba kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na jifsum a cikin simintinsu don kada ya daskare tun magini bai ɗora cokali ba.

Masana sinadarai suna rubuta shi haka: CaSO₄·2H₂O. Kashin farko gishirin kalsiyam da salfa ne, na biyun kuma ruwa ne. Ku lura da kyau, wannan ruwa ba danshi ba ne da rana za ta busar. A ɗaure yake cikin ƙwayar dutsen. In aka yi lissafin nauyi, cikin kowane giram 172 na tsantsar jifsum, giram 36 ruwa ne, wato kusan kashi 21 cikin ɗari.

In aka niƙa dutsen aka gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan zai fita ya zama tururi. Farin garin da ya rage shi ne POP ɗin da kuka sani, wanda ake yin silin da ado da shi. Kilo 100 na tsantsar jifsum yana ba da kimanin kilo 84 na wannan gari. Da zarar an mayar masa da ruwa, sai ya karɓe abin da aka raba shi da shi ya koma dutse. A lokacin komawar yakan fitar da ɗan ɗumi, ya ɗan kumbura, kuma siraran ƙwayoyi masu tsini su tsiro su sarƙe da juna. Wannan sarƙewa ita ce ƙarfinsa.

Akwai ƙa'ida a nan da masu aiki da yawa ke karyawa. In kwaɓin POP ya fara kamawa a cikin bokiti, sai mutum ya ƙara ruwa ya dama don kada ya yi asara. Abin da ya yi shi ne ya kakkarya ƙwayoyin da suka fara sarƙewa, kuma ba za su sake haɗuwa yadda ya kamata ba. Irin wannan kwaɓi yakan bushe ya yi kyau a ido, amma da an murza sai ya zube gari. Zubar da shi ya fi.

Daga gari zuwa allo

Mutane sun daɗe da sanin jifsum. Misirawan dā sun yi amfani da shi wajen yaɓe da haɗa duwatsu a gine-ginensu. Mayar da shi allo kuwa sabon abu ne. Wani Ba'amurke, Augustine Sackett, shi ya yi rajistar fasahar allon filasta da takarda a 1894, kuma a 1916 wani kamfanin Amurka ya fito da samfurin da ake kira Sheetrock. Bai samu karɓuwa sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, sa'ad da ma'aikata suka yi ƙaranci, buƙatar gidaje kuma ta yi yawa.

A masana'anta ana kwarara kwaɓin jifsum tsakanin takardu biyu masu kauri, ya kama yana tafe a kan bel, a yanka, a busar a tanda. Girman da aka fi sani shi ne mita 1.2 a faɗi da mita 2.4 a tsawo, kauri kuma milimita 9.5, ko 12.5, ko 15. Na 12.5 shi ne na bango.

Me ya sa takarda? Ku ɗauki alli ku danna shi ta tsaye, zai jure. Ku lanƙwasa shi, nan take zai karye. Jifsum haka yake: yana jure dannawa, ba ya jure ja. Duk abin da aka lanƙwasa kuwa, ɓangarensa ɗaya dannuwa yake yi, ɗayan kuma jansa ake yi. Takardar ita ke ɗaukar jan. Shi ya sa ake yanka allon cikin sauƙi: a ja wuƙa a kan takardar fuska, a tanƙwara, sai ya ɓalle a kan layin. Maginan gargajiya na Kano da Zariya sun san wannan hikima tun tuni, don haka suke zuba gashin jima a cikin laso, kamar yadda masu silin na POP ke cusa zare a cikin nasu kwaɓin. Saboda haka duk inda takardar allo ta yage, ƙarfin allon a wurin ya tafi, ko da jifsum ɗin bai fashe ba. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi in mun zo kan ɗaura sukuru.

Allunan iri-iri ne. Akwai na yau da kullum. Akwai mai jure danshi, wanda aka sa wa kakin da ke hana shi saurin shan ruwa, galibi takardarsa kore ce. Akwai kuma mai jure wuta, wanda aka zuba wa zaren gilashi a ciki don kada ya rugurguje in ya gasu.

Abin da ke faruwa in gobara ta tashi

Ƙarfe ba ya cin wuta, wannan ya sa mutane ke ɗaukar ginin ƙarfe ya tsira daga gobara. Ba haka ba ne. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 1,500, amma tun a wajen digiri 550 zuwa 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. A gwajin gobara da ake yi wa kayan gini a ɗakunan bincike, zafin tanda yakan haura digiri 800 cikin minti 30. Siririn ginshiƙin da ba shi da kariya zai lanƙwashe tun kafin nan.

A nan ruwan cikin jifsum ke yin aikinsa. Kowace murabba'in mita ta allo mai kaurin 12.5 tana ɗauke da kusan lita 2 ta ruwa a ɗaure. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafi mai yawa, kimanin kilojul 2,260. In wuta ta taɓa fuskar allon, zafin yakan tafi ne wajen korar ruwan, daga fuska yana shiga ciki sannu a hankali. Muddin da sauran ruwa, bayan allon ba zai wuce zafin tafasar ruwa da yawa ba, wato wajen digiri 100. Daidai yake da tukunyar da ke kan murhu: ba ta ƙonewa sai ruwan cikinta ya ƙafe.

Allon ba ya kashe wuta, jinkirta ta yake yi. Bango mai allon wuta na kimanin milimita 15 a kowace fuska, in an yi shi bisa tsarin da aka gwada, yana iya tsare wuta na tsawon awa ɗaya. Awa ɗaya a asibiti ko makarantar kwana ita ce tazarar da za a kwashe mutane. Sai dai hayaƙi da harshen wuta ba sa neman tsakiyar allo, rami suke nema. Ramin da mai wayar lantarki ya huda ya bari a buɗe, ko bangon da aka tsayar da shi a iyakar silin alhali sama da silin ɗin wayam ne, ya isa ya ɓata wannan kariya gaba ɗaya.

Ginshiƙin ƙarfe: ƙarfi daga siffa

Ƙarfen da ake yin waɗannan ginshiƙai da shi siriri ne ƙwarai. Na raba ɗaki kaurinsa bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. Na ɗaukar nauyin bene ko rufi yakan fara daga kusan milimita ɗaya zuwa sama. Ba a narka shi a zuba a mazubi ba. Fallen ƙarfe ne ake turawa cikin na'ura tana lanƙwasa shi a sanyinsa. Ƙa'idojin lissafin irin wannan ƙarfe sun fara fitowa ne a Amurka a 1946, bisa binciken da Farfesa George Winter ya jagoranta a Jami'ar Cornell.

Ku gwada wannan yanzu. Ku tsayar da fallen takarda a kan tebur, zai faɗi. Ku ninke gefunansa biyu ya zama mai kusurwa, zai tsaya, har ya ɗauki ɗan littafi. Takardar ba ta canja ba, siffarta ce ta canja. Ku kuma ɗauki rula ku lanƙwasa ta a kwance, za ta bi ku. Ku juya ta a kan gefenta, za ta ƙi. Ga sanda mai kusurwa huɗu, in aka ninka zurfinta sau biyu, taurinta wajen lanƙwasa yakan ninka sau takwas. Wannan ne ya sa ginshiƙi mai faɗin milimita 100 ya fi mai 50 iya tsayawa a dogon bango, ko da kaurin ƙarfensu ɗaya ne.

Ana aiki da siffa biyu. Akwai kwalbatin ƙasa da na sama, mai siffar harafin U, wanda ake kafewa a daɓe da kuma a jikin dakin, wato rufin kankaren da ke sama. Akwai kuma ginshiƙin tsaye mai siffar harafin C, mai ɗan leɓe a bakinsa, wanda ake zurawa a cikinsu. Tazarar ginshiƙai santimita 60 ce ko 40 daga tsakiya zuwa tsakiya. Ba a zaɓi waɗannan lambobi da ka ba: faɗin allo santimita 120 ne, kuma 60 da 40 duk suna raba shi daidai, ta yadda gefen kowane allo zai sauka a kan ƙarfe. Dukkan ginshiƙan su fuskanci waje ɗaya.

Siririn ginshiƙi shi kaɗai yana da saurin murɗewa da karkacewa in an danna shi. Allon da aka ɗaura masa gaba da baya shi ke riƙe shi. Wato kamar yadda ƙarfen ke ɗauke da allo, haka allon ke tallafe da ƙarfen. A bakin ƙofa, inda ake bugawa kullum, ana haɗa ginshiƙai biyu ko a sa mai kauri. Inda za a rataye abu mai nauyi, kamar talabijin ko kabad ɗin kicin ko wurin wanke hannu, a sa katako ko fallen ƙarfe a bayan allon tun kafin a rufe. Bayan an rufe an yi fenti, gyaran sai da fasawa.

Babbar fa'idar wannan bango ita ce rashin nauyi. Murabba'in mita ɗaya ta bangon bulo mai inci shida da filasta gaba da baya ta haura kilo 200. Ta bangon allo ba ta kai kilo 30 ba. Ku auna wannan da abin da muke gani a garuruwanmu, inda mai gida zai ga dama ya ƙara ɗakuna a saman bene, ya jera bulo a tsakiyar dakin inda babu bim a ƙasa, ba tare da ya tuntuɓi injiniya ba. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancanta mu karɓi bangon allo: raba ɗakuna a saman bene.

Tsatsa da aikin tutiya

In ƙarfe ya haɗu da iska da ruwa sai ya yi tsatsa. Illar tsatsa ita ce ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga iska. Ƙarfe mai kauri yana iya yin shekaru yana jurewa. Mai rabin milimita ba shi da abin da zai bayar.

Maganin shi ne a tsoma fallen ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, fasahar da Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi wa rajista a 1837. Ita ce dai ke jikin kwanon rufi. In kun ga an rubuta Z275 a jikin ƙarfe, ana nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita in an haɗa fuskokin biyu, wato kaurin kusan kashi ɗaya cikin hamsin na milimita a kowace fuska.

Tutiya tana kare ƙarfe ta hanya biyu. Ta farko, takan yi wa kanta wata siririyar fata da ke manne, ba ta ɓarewa, sai ta tare iska da ruwa. Ta biyun ta fi ban sha'awa. In ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna a cikin danshi, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, kuma wanda ya fi saurin sakin ƙwayoyin lantarkinsa shi ke cinyewa. Tsakanin tutiya da baƙin ƙarfe, tutiya ce mai saurin. Saboda haka ko an karce rufin tutiyar, ko an yanka bakin ƙarfen, tutiyar da ke kusa ita za ta riƙa cinyewa, ƙarfen ya tsira. Fenti ba ya iya wannan.

Daga wannan bayani ƙa'idojin aiki suke fitowa. A yanka ginshiƙi da almakashin ƙarfe, domin injin gurza yana ƙone tutiyar bakin yankan. A guji walda in ba dole ba. Tana ƙone rufin, hayaƙinta kuma yana sa zazzaɓi da ciwon jiki ga mai shaƙarsa. Kada bututun jan ƙarfe ya taɓa ginshiƙi kai tsaye, don a wannan haɗin tutiyar za ta cinye da sauri. A sa roba tsakaninsu. Haka nan ramukan da wayar lantarki ke bi a jikin ginshiƙi a sa musu zoben roba, saboda bakin ƙarfen yana da kaifi, yana iya yanke rigar waya. Sannan jiƙaƙƙen jifsum yana cin ƙarfen da ba shi da rufi. Jan tabon da kuke gani yana fitowa a silin na POP, yawanci ƙusa ce ko wayar ɗauri marar tutiya ke tsatsa a ciki.

Ɗaura allo

Ana ɗaura allo da sukuru mai kai kamar bakin kakaki, mai huda wa kansa hanya. Ga allon 12.5, sukuru mai tsawon milimita 25 ya isa, don a samu aƙalla milimita 10 ta shige cikin ƙarfe. Tazararsu santimita 30 a bango, a silin kuma a matso da su. Kada su kusanci bakin allo da ƙasa da santimita ɗaya.

Zurfin sukurun shi ne gwajin gwani. Kansa ya ɗan nutse ƙasa da fuskar allo kaɗan, ya lotsa takardar ba tare da ya yaga ta ba. In ya tsaya a sama zai yi tudu a ƙarƙashin fenti. In ya fasa takardar ya shige, to ba ya riƙe komai, domin mun riga mun ga cewa ƙarfin allon a takardar yake. Wanda ya fasa, a bar shi, a ɗaura wani kusa da shi.

A ɗaga allo daga daɓe da kimanin santimita ɗaya. A saɓa mahaɗar allunan fuska ɗaya da ta ɗaya fuskar, kada su haɗu a ginshiƙi guda. Kada kuma mahaɗa ta faɗo daidai kusurwar ƙofa ko taga. Ƙarfin da ke ratsa bango yakan taru ne a kusurwa, shi ya sa ko a ginin bulo tsaga ke farawa daga nan. A yanka allon ya zagaye kusurwar, mahaɗar ta koma can saman tsakiyar ƙofa.

Cike mahaɗa

A nan aikin yake nuna mai shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan bango tsaga kusan kullum a mahaɗa take farawa.

Dogayen gefunan allo an ɗan sirantar da su tun daga masana'anta, ta yadda in biyu suka haɗu sai su bar ɗan kwari. A cikin kwarin ake shafa ƙullun cikewa, a kwantar da tef a kai, a matse shi da cokali har iska ta fita, amma a bar ƙullu a ƙarƙashinsa don shi ne gam ɗin. Ƙullu shi kaɗai ba ya jure ja, tef ɗin ne ke ɗinke allunan biyu. Tef na takarda ya fi ƙarfi, kuma shi ya dace da lungu. Na raga mai gam ya fi sauƙin sawa, amma yana ɗan miƙewa, don haka sai da ƙullu mai tauri.

Ƙullun iri biyu ne, kuma bambancinsu na kimiyya ne. Na farko gari ne mai POP a ciki, ana kwaɓa shi a wurin aiki, yana kamawa ta hanyar haɗuwa da ruwa cikin lokacin da aka rubuta a buhu, kamar minti 45 ko 90. Yana da tauri, ba ya motsewa sosai, amma gurzarsa da wuya. Na biyu yana zuwa a kwaɓe cikin bokiti, shi kuma taurinsa sai ruwansa ya bi iska. Yana da laushin gurza, amma yana motsewa in ya bushe. Saboda haka ake fara cikewa da na farko, a gama da na biyu.

Shafi uku ake yi, kowanne siriri, kowanne ya fi na baya faɗi, har na ƙarshe ya kai wajen santimita 30. Dalilin faɗaɗawar shi ne ido ba ya ganin tudun da ya tashi a hankali, amma yana kama wanda ya tashi farat ɗaya. Inda yankakkun baki biyu suka haɗu, babu kwari, sai an faɗaɗa fiye da haka. Mai gaggawa yakan so ya gama da shafi ɗaya mai kauri. Samansa zai bushe cikinsa na ɗanye, daga baya ya motse ya tsage, ko ya lotsa bayan an yi fenti.

Yanayinmu yana da hannu a nan, kuma umarnin da ke jikin bokiti ba don shi aka rubuta ba. Da hunturu danshin iska a Arewa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ƙullu yakan bushe tun tef bai kama ba, mai POP ɗin ma iska kan kwashe ruwansa kafin ya gama haɗuwa da shi, sai ya zama gari. A rufe tagogi, a kwaɓa kaɗan-kaɗan. A watan Agusta kuwa akasin haka ne, shafin da ya kamata ya bushe a kwana ɗaya yana iya neman biyu. Launi ake dubawa, ba agogo ba: muddin da sauran duhu-duhu a jikinsa, bai bushe ba.

Bayan ya bushe sai a gurza da samfefa mai laushi, a kiyaye kada a ci takardar allon. Ƙurar tana da illa ga huhu, a sa takunkumi. A haska tocila a kwance a jikin bangon, duk wani tudu ko kwari zai fito da inuwarsa. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Amurka sun kasa kyawun gamawa hawa-hawa, daga 0 zuwa 5. Hawa na 4 ya wadatar ga fenti marar sheƙi. Na 5 shi ne a bi dukkan bangon da siririn shafi, kuma shi ake so inda fenti ke ƙyalli ko hasken taga ke bin jikin bango. Kafin fenti a fara da shafin share fage, saboda takarda da ƙullu ba sa shan fenti daidai, in ba haka ba kowace mahaɗa za ta nuna kanta.

Motsi da ruwa

Gini ba ya zama wuri ɗaya cak. Kowace mita ta ƙarfe tana ƙaruwa da milimita 0.012 in zafi ya hau da digiri ɗaya. Ƙarfe mai mita 10, in zafi ya canja da digiri 20, zai motsa da milimita 2.4, kuma wannan ya isa ya tsaga fenti. Shi ya sa ake barin gaɓar motsi a dogon bango duk bayan mita 9 zuwa 10. Dakin na kankare ma yakan ɗan sauko da shekaru, don haka ake rage tsawon ginshiƙi kaɗan a bar masa sarari a cikin kwalbatin sama, kada nauyin bene ya sauka a kan bangon da ba a yi shi don ɗauka ba.

Ruwa kuwa shi ne babban abokin gaban wannan bango. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kimanin giram 2 na jifsum. Kaɗan ne, amma yoyon da ya shekara yana ɗiga zai yi ɓarna. Tun kafin nan ma allon ya yi laushi, takardarsa ta yi fumfuna, sukurun ya sake. Gara ba ta cin ƙarfe, ba ta cin jifsum, amma tana cin takarda, danshi kuma shi ke kiranta. A gidajenmu ana wanke daɓe da ruwa sosai, saboda haka santimita ɗayan nan da aka bari a ƙasa ba abin wasa ba ce. A kicin da kewayen banɗaki gara a yi ɗan dakali na kankare a ɗora bangon a kai. Koren allo yana jure danshin iska ne kawai. Inda ruwa ke zuba kai tsaye, kamar wurin wanka, allon siminti ake sawa. Kada kuma a gauraya POP da siminti a wuri mai laima, domin salfar da ke cikinsa takan haɗu da sinadaran siminti ta haifar da wasu ƙwayoyi masu kumbura, su farfasa aikin.

Ingancin kayan ma abin dubawa ne. A shekarun 2000, musamman bayan guguwar Katrina ta 2005, an shigar da wasu alluna daga Sin zuwa Amurka waɗanda suka riƙa fitar da iskar salfa. Wayoyin lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki suka yi baƙi suka lalace, dubban gidaje a Fulorida da Luwiziyana da wasu jihohi sai da aka kwance allunansu. Allon da babu sunan masana'anta da lambar inganci a jikinsa, a bar shi a kanti.

Ban ga dalilin da zai sa mu yi bangon waje da wannan allo a ƙasarmu ba. Ba ya tsare ɓarawo, ba ya jure ruwan sama, kuma ba shi da nauyin da zai shanye zafin rana ya jinkirta shigarsa ɗaki, abin da katangar ƙasa mai kauri ta fi kowa iyawa a watan Afrilu. Zafi ma yana ratsa ƙarfen fiye da katako sau ɗaruruwa. A cikin gini ne wurinsa, a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo, kuma ba a fara ɗaura shi sai an gama rufi an sa tagogi. In ana son ya tare sauti, a cusa audugar dutse tsakanin ginshiƙan, a toshe duk wata kafa, kada kuma a sa soket biyu baya da baya.

Aikin gida: kowa ya samo garin POP cikin kofi ɗaya, ya raba biyu. Kashi na farko a kwaɓa a zuba a murfin kwalba a bar shi, a riƙa taɓa murfin ana lura da ɗuminsa. Na biyu a bari ya fara kamawa, a ƙara ruwa a dama, sannan a zuba. Bayan kwana uku a karya su duka biyun, a rubuta bambancin. A kuma sa ƙusa biyu a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya baƙa, ɗaya mai rufin tutiya da aka karce da gangan, a duba su bayan mako ɗaya. Ku zo da abin da kuka samu darasi na gaba, da shi za mu fara.